Zangarniyar da Ba Ta Yi Ƙwaya Ba

A Dosara na tashi, a hannun kakarmu Inno. Da an gama girbi sanyi ya fara shigowa, sai ta sa mu tara kara a tsakar gida bayan sallar isha'i, a hura wuta, ta zuba gyaɗa cikin toka. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa na tura ɗan'uwansa don ya samu gefen da hayaƙi ba ya bi. Inno ba ta fara tatsuniya sai ta ga bakin kowa na motsi. Cewa take mai jin yunwa ba ya da kunne.

"To ga ta nan ta taho, ku matsa ku ba ta wuri," in ji ta.

Mu ce, "Ta zauna, Inno, mun matsa."

Akwai wadda ta fi zama mini a rai, ta wani manomi da uwarsa. Uwar tana da wata al'ada: kowace kaka sai ta zaɓi zangarniyar gero guda daga amfanin shekarar, ta rataye a cikin rumbu kusa da ta bara. Haka suka jeru, tun na zamanin mijinta. Wata rana ɗan ya je kasuwar Maradun ya haɗu da baƙo mai sayar da iri, zangarniya kamar tsawon hannu. Ya saya, ya zubar da nasa irin, har ya ɗiba wa maƙwabta. Gero ya tashi ya fi mutum tsawo, kowa na zuwa kallo. Ashe irin ƙasar da damina ke daɗewa ne. Ruwa ya ɗauke, gero bai yi ƙwaya ba.

Kunya ta kama shi. Ya ce zai sa wa gonar wuta, in an tambaye shi ya ce bana bai yi noma ba. Uwar ta bar shi ya gama faɗa, sannan ta shiga rumbu ta ciro tsohon irinsu ta miƙa masa. Ta kuma je gonar ta karyo zangarniya guda marar ƙwaya, ta rataye ta a jerin, a gurbinta.

Nan yayana Sale ya katse ta. "Inno, mi za a yi da wadda ba ta da ƙwaya? A yar mana!"

"Kai maigidana, kanka kamar tulu, ciki ba ruwa," in ji ta, muka fashe da dariya. "In anka yar, jikanshi ya gamu da wani baƙon a kasuwa, da mi za a nuna mai? Maƙwabtan da sunka amshi iri fa, a ce musu mafarki sunka yi? Bara ba ta dawowa, yaro. Irin bara dai aka shukawa a gonar bana."

Ni lokacin gyaɗata nake ɓarewa. Na ɗauka labarin gero ne kawai.

Yanzu ina Talata Mafara, na yi jikoki ni ma. Ɗiyata Nafisa ta yi karatun kwamfuta, kuma a ɗakina take aiki, da wasu mutane da ba ta taɓa gani ido da ido ba. Suna gina manhajar da ke tura wa manoma saƙo a waya kan yadda ruwan sama zai kasance. Sun ɗauke ta gwaji ne, in ta yi kyau su riƙe ta. Farkon daminar nan, da hantsi, na shigo na tarar ta dafe kai.

"Lafiya, uwata?" Sunan mahaifiyata gare ta, haka nake kiranta.

"Umma, na yi ɓarna. Wani gyara na saka jiya, yau saƙo ya daina fita. Mutanen Bakura na can na jiran su ji ko su yi shuka."

Na zauna bakin gado na ce ta yi mini bayani yadda zan gane, don bokona bai wuce aji uku ba. Ta ce aikin nasu yana da ma'ajiya. Duk wanda ya canza wani abu, ma'ajiyar na adana yadda aikin yake a lokacin, da sunan wanda ya taɓa, ɗaya bisa ɗaya. Ana iya leƙa na jiya ko na watan jiya, kuma leƙawa ba ta canza komai.

"To ki koma na shekaranjiya mana."

"Komawar iri biyu ce, Umma. Zan iya goge nawa, ya zama kamar ban taɓa yi ba. Amma abokan aikina sun riga sun kwafa, sun ɗora nasu a kai, in na goge nasu zai rikice. Ko kuwa in saka sabon gyara wanda zai warware wancan. Aiki ya dawo yadda yake shekaranjiya, amma kuskuren na nan a jeri, da sunana, shugabanmu zai gani."

Na ga ta riga ta san wanda za ta yi, tsoro ne kawai ya riƙe mata hannu. Na dai matsa kusa. Ta yi bisimilla ta danna, ta rubuta musu abin da ya faru. Kafin azahar saƙo ya ci gaba da fita.

Tun ranar nake juya maganar Inno. Da ina zaton komawa baya ita ce mutum ya wanke wurin tas har a manta. Ashe wanda ke aiki da mutane ba ya da wannan damar, don abin da ya fita hannunka ya riga ya shiga na wasu. Gaba ake ƙara taku, ko da tsohon wuri za a nufa.

Har yau ba su ce mata ta tafi ba, ba su kuma ce ta zauna ba, gwajin bai ƙare ba. Rannan ta nuna mini jerin da yatsa. Sunanta ne sau biyu, na ƙasa wanda ya ɓata, na sama wanda ya gyara. Ta ce ko bayan shekaru haka za a same su.

Na ce, "To, Allah ya sa mai dubawa ya karanta duka biyun."