Ragon Kofin Baba Lawali

Dole in fara da yaba wa mutanen fadar shayin Alhaji Mutari. A duk Damargu ban taɓa ganin masu himmar gaisuwar mutuwa kamarsu ba. Ina kasuwar Belbeji, ina tsakar awon gero, waya ta shigo cewa maigidana Baba Lawali mai gyaran rediyo ya rasu a Tanut. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin in sami mota in iso an riga an kai shi makwancinsa, su kuwa har sun shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, daidai inuwar da ake ɗaure rago.

Baba Lawali ne ya riƙe ni lokacin da na bar lakwal, wato makarantar boko. A rumfarsa na koyi zama da mutane. Makiyayi zai kawo rediyo daga Tarka yana cewa ta mutu, Baba ya buɗe ya ga batir ne kawai aka sa a juye, ya gyara masa zama, ya miƙa wa mai ita bai karɓi komai ba. Ran da na ce zan bar gyara in koma awo bai yi fushi ba. Cewa ya yi, "Tafi, Sani. Hannunka da tiya ya dace, bakinka kuma da kasuwa."

Bayan sana'arsa, ba abin da ya sani kamar tarihin kofin ƙwallon ƙafa na Afirka. Yana cirani a Kano Nijeriya ta ɗauke shi karon farko, ya ga gari ya rikice, masu shayi na zuba wa baƙi kyauta. Tun daga nan ya riƙe kowace nasara tasu a ka: inda aka buga, wa aka doke, da daɗewar da suka yi kafin ta gaba. In matasa suka zagi 'yan wasanmu sai ya ce, "Su ma maƙwabta sun jira. Tsakanin kofinsu da kofi, yaro kan girma ya yi aure."

Shekarar da ƙasarmu ta fara samun shiga gasar, ya sayi rago, ya yi alwashi a gaban jama'a cewa ran da muka ɗauko kofin zai yanka shi kowa ya ci. 'Yan fadar nan dariya suka yi masa. Alhaji Mutari ya ce, "Lawali, ragon nan tsufa ne zai kashe shi."

"Sai in sake wani, Alhaji. Kai ma ka sake haƙora."

Ya kuwa riƙa sakewa. Duk Layya ya sayar da ƙosasshen, ya sayi ɗan ƙarami, da sauran kuɗin ya zuba gero a rumbu. Na daɗe ina zargin alwashin nan wata dabarar kiwo ce, don ba mai roƙonka aron dabbar da aka yi wa alwashi. Na taɓa tambayarsa, "Baba, tsakani da Allah, kana sa rai da kofin nan?" Ya ce, "Ina sa rai, ɗana. Kafin ya zo dai yara su ci tuwo."

Ranar addu'a Alhaji Mutari ya ja ni gefe, murya a sanyaye. "Sani, ɗana, alwashi nauyi ne a wuyan mamaci. Mu yanka ragon nan mu sauke masa, ya kwanta lafiya." Yana magana, hannunsa na kan gadon bayan ragon yana dannawa. Na tsufa a kasuwa. Na san hannun mai tausayi, na san na mai gwada kitse.

Na shiga gaishe da Inna Zuwaira, matar marigayi, tana zaune cikin takaba da ƙananan yara kewaye da ita. Ashe ta ji komai ta bayan darni. Ta ce, "Sani, leƙa rumbu kafin ka ba su amsa." Na leƙa. Bana gero bai yi ba, ƙasan rumbun nake gani.

Na kira liman a gaban 'yan fadar. Ya ce sharaɗin alwashi bai cika ba, rago ya zama gadon marayu. Alhaji ya ce, "Allah gafarta malam, ai niyya ake dubawa." Liman ya ce ya duba. Kafin la'asar na ɗora ragon a amalanke zuwa Gangara, wajen wan Inna Zuwaira, ya yi kiwonsa har Layya. Yanzu ana yawo da ni a gari cewa na hana mamaci sadaka, tabarmar fada kuwa tun ranar aka naɗe ta.

Allah Ya jiƙan Baba Lawali, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Inna Zuwaira haƙuri, Ya raya yaran da ya bari, Ya rufa musu asiri. Masu gaisuwa ma Allah Ya ba kowa ladan abin da ya kawo shi.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Da Alhaji Mutari ya miƙe zai tafi, sabuwar igiya ta faɗo daga aljihun rigarsa. Jama'a, wa ke zuwa gaisuwar mutuwa da igiya?