Malama Laraba, Mai Cewa A Koma A Duba

Kullum ƙarfe bakwai na safe, in ka bi ta unguwar Gyaɗi-Gyaɗi a Kano, za ka ga Malama Laraba Samuel da jakarta da ta sha ɗinki, ta nufi wata sakandare a Tarauni. Shekara talatin da biyar tana koyar da lissafi, a watan nan za ta yi ritaya. Mu da muka zauna a ajinta mun san ba allo take fara nufa ba. Durƙusawa take ta ja layi da alli a ƙasa, ta jera lambobi, sifili a tsakiya. A ɓoye muna kiranta Koma-ki-duba, don maganar ba ta barin bakinta.

Mun yi dariyarmu, amma a tambayi Uwani. A da shara take yi a wani asibiti, burinta ta zama nas, lissafi kuwa sau biyu yana kayar da ita a jarrabawa. Ta rantse in ta sake faɗuwa ta haƙura har abada. Duk Asabar sai ta je gidan Malama a Daurawa, a ja mata layin a tsakar gida.

"Tsaya a kan uku, ki yi taku biyar," in ji Malama.

Uwani ta taka, ta tsaya a takwas.

"In da baya kika yi fa, 'yar nan?"

Ta koma kan uku, ta yi taku biyar baya, sai ga ta a mainos biyu.

"Kin gani? Lamba in aka rubuta ta tsakanin sanduna biyu a tambaya, nisa ake tambaya, ba ruwanta da gaba ko baya. Amsoshi biyu ne, takwas da mainos biyu."

Tambaya mai sukwaya rut kuwa wayo gare ta. Takan ba ka amsa biyu, alhali ɗaya baƙuwa ce da ta shigo ba sallama, sai ka mayar da kowacce cikin tambayar kafin ka gane ta. A ɗakin jarrabawa Uwani ta samu biyu da mainos ɗaya, har ta ajiye biro, sai ta tuna Malama. Ta koma ta duba, ta soke mainos ɗaya. Ta haye.

Malama, ke ce uwar masu tsoron lissafi. Ba ki taɓa ce wa ɗalibi daƙiƙi ba, ko ni da na cancanta.

Makon jiya na raka Malama awon hawan jini. Uwani ce ta fito cikin fararen kaya. Ta auna, ta rubuta, ta sake ɗaura abin awon.

"Lafiya, Uwani? Ko na'urar ce ta lalace?"

"Lafiya lau, Malama. Dubawa nake."

Malama ta yi dariya har da ƙwalla. Mun gode, Malama Laraba, Allah ya sa ki huta lafiya. Mu kuma, kowa da aikin da ke hannunsa, kafin ya ce ya gama, ya koma ya duba.