Salfo da Man Kaɗanya

Shekara talatin da wani abu Salfo Nikiyema ya yi yana gyaran mobilet, ƙananan baburan nan masu feda, a gindin dogon yaro, kusa da madatsar ruwan Tangen, a nan Wagadugu. Da mutane suka koma wa baburan Sin, sauran makanikai suka bi su. Shi ya ƙi, ya tsaya da tsofaffin mobilet da tsofaffin masu su, irina. Ni 'yar Samo ce, shi Bamoshe, saboda haka wasan da ke tsakanin ƙabilunmu ya halatta mini zaginsa, kuma ban taɓa yi masa rowar zagin ba. Bawana nake ce masa, shi kuma ya ce da ni mai cin kare.

Da mobilet ɗin nake kai latas daga lambu zuwa kasuwa. Bara ta fara tari, na kai masa. Ya ce sai ya zare faifan ƙarfen nan mai ba da wuta, ya canza abin da ya cinye a bayansa. Faifan yana zama ne a bakin sandar inji, bakin kuma a tsuke yake kamar karas. Matsewa kawai ke riƙe shi. In ya goce ko kaɗan, wuta ta zo ba a kan lokacinta ba, inji ya mutu.

Ya zare, aka kira azahar, ya tafi masallaci. Na ga bakin sandar tsirara, iska na bugunsa. Mu kuwa ba ma barin abu a bushe: kaushi, ƙyauren ɗaki, cibiyar jariri, duk man kaɗanya ne. Na kwance bakin zanina na lakato na shafa masa, ina jin na yi abin kirki.

Kwana biyu mobilet ta mutu da ni a kan gada. Ya sake zarewa, ya sake tafiya sallah, na sake shafawa. Wannan karon ko kasuwa ban kai ba.

A lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani, kowa ya sani, ba mai faɗa. 'Yarsa Alizeta ta daɗe tana roƙonsa ya rufe rumfarsa ya koma gida ya huta. Da na turo mobilet karo na uku, bai ce mini mai cin kare ba. Wannan ne ya tsorata ni. Ya ce tunda yake faifai bai taɓa goce masa sau biyu ba, idon ne ya ƙare. Zai gwada sau ɗaya, in ya sake gocewa Alizeta ta yi gaskiya. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, don na san Salfo ba zai yi wata uku a zaune ba.

Ya wanke hannu da sabulu har sau biyu. Ya zare faifan, ya ce tunda idon ba ya amfani bari ya rufe shi gaba ɗaya. Ya bi bakin sandar da ɗan yatsa a hankali, sai ya tsaya. Ya kai yatsan hanci.

"Ke 'yar Samo, wa ya yi wa injina kwalliya?"

Na ce ai taimakonsa na yi, kada tsatsa ta ci.

"Sau nawa?"

"Duka biyun."

Na fara neman hanyar gudu. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya yi dariya har da hawaye. Ya ce duk injin nan mai yake so, ban da wannan wuri ɗaya. Nan ƙarfe da ƙarfe ne za su kama juna, a bushe ƙayau.

Ya wanke sandar da ramin faifan da fetur. Ya shafa ɗan garin wasa ƙarfe, ya yi ta murza faifan hagu da dama har kurjin da gocewar ta bari ya ɓace, ya sake wankewa. Ya sa siririyar takardar kwalin sigari tsakanin ƙananan ƙarafa biyun da ke haɗuwa su ba da wuta, yana juya faifan yana jan ta da yatsa biyu. Inda ta saki, nan ne lokacin wuta. Ya ɗaure noti. Duk wannan bai buɗe ido ba.

Aka kira azahar, ya dube ni, ya ce yau tare za mu tafi, in jira shi a ƙofar masallaci inda zai riƙa jin tarina.

Taka feda biyu ta tashi. Wata goma sha ɗaya ke nan ba ta sake mutuwa ba. An yi masa aikin ido ɗaya bayan damina, amma har yanzu in ya zo kan faifai rufe idanunsa yake yi. Alizeta ta daina maganar hutu, ita ke kawo masa tuwo da rana.

Jiya na tsaya gaishe shi, ya kama hannuna ya shinshina kafin ya bar ni in matso kusa da injin da ke gabansa.

"Mai cin kare," ya ce, "saura kaɗan ki rufe mini rumfa da alheri."