Ranar da Bawa Ya Hana Jirgin Feshi Tashi

Bana shekara goma ke nan da rasuwar abokina Bawa Makaniki, mutumin Kalgo. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka yi aiki tare da shi, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A daminar da tsuntsayen jan-baki suka yi wa shinkafar fadama taron dangi, an kawo wani ɗan ƙaramin jirgin feshi mai farfela ɗaya. Matuƙinsa Bature ne mai jin Faransanci, ni ne tafinta, Bawa ke kula da inji. Injin yana da maganeto biyu, wato na'urorin da ke ba fulogi wuta, kuma dole wutarsu ta zo tare, daf da fistin ya kai ƙarshen hawansa. Rannan da aka gwada, sai ɗaya ya riƙa makara, inji na tari yana ɓarin wuta ta salansa.

Na ga makanikai a Yamai da Khartum suna wannan gyara da fitilar gwaji. Bawa ba shi da ita. Takardar taba yake saƙalawa tsakanin bakin ƙarafunan maganeto, ni ina juya farfela sannu a hankali, shi yana jan takardar da yatsa biyu. Inda ta suɓuce, nan wuta ke fita. Ya daidaita, mu sake juyawa, ta kuma suɓuce a wani wurin daban. Wani abu ya cinye a ciki, kuma sai daga Kaduna za a samo madadinsa.

La'asar ta yi, lokacin da tsuntsaye ke komawa makwancinsu a feshe su. Manoma sun cika gefen fili, a gabansu wan Bawa, Malam Ummaru, wanda gonarsa ke bakin ruwa wajen Wurogauri.

"Bawa, ba ga shi yana ƙara ba? Mi ya rage?"

"Yaya, ƙara daban, tashi daban. Ba shi tashi yau."

"Abincin ɗiyana na fa, ɗiyanka."

Matuƙin ya ce in gaya masa ya yarda zai tashi da maganeto ɗaya. Na fassara. Bawa ya zare fulogan ya zuba a aljihu, ya tafi alwala.

Kafin kayan su iso, gonar Malam Ummaru ta koma kara. Bai ƙara cin tuwo da ƙanensa a kwano ɗaya ba. Bawa ya dawo Gwandu kusa da ni, yana gyaran injin niƙa da na ban ruwa. Da yamma mukan zauna a dakalina, bai taɓa ta da zancen ba, sai dai in motar Kalgo ta tsaya ya miƙa wuya ya ga masu sauka.

Yau 'yan kabu-kabu sun cika gari, babur na tari mai shi na ƙara masa wuta da fasinja biyu a baya. Nakan ce da Bawa na nan, da an sake ƙinsa.

Matuƙin ya koma ƙasarsu, ina jin yana can da jikokinsa, bai ma riƙe sunan Bawa ba. Shinkafar da ta salwanta kowa ya gani da idonsa. Gawar da ba a ɗauko daga fadama ba kuwa, babu wanda ya gan ta, balle ya yi godiya. Malam Ummaru ya zo jana'izar Bawa, ya tsaya a sahun baya, ya tafi kafin a watse. Allah Ya jiƙan Bawa, Ya saka masa da abin da mu ba mu biya shi ba.