Man Kaɗanya a Babban Yatsa

Jiya a kasuwar Gudu wata mata ta buɗe robar man kaɗanya a gabana, ƙamshin ya mayar da ni Mpape, ƙofar ɗakin kawuna, Allah ya jiƙansa.

Fasa dutse ne sana'arsa, dutsen kuma ya cinye zanen yatsunsa har suka yi sumul. Shi ya sa in zaɓe ya ƙarato yake ajiye guduma, ya zauna yana murza man kaɗanya a babban yatsansa safe da yamma, wai ko zanen zai dawo na'urar tantance masu zaɓe ta gane shi.

Zaɓensa na ƙarshe ni na raka shi. Muka sha rana a layi. Da aka zo kansa ya ɗora yatsan, na'ura ta ƙi. Ya sake, ta ƙi.

Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, yi haƙuri, ba ta gane ka ba. Koma gefe."

Ya ɗaga mata yatsan yana ƙyalli da mai. "'Yata, da wannan na fasa dutsen da aka gina garin nan. Yau garin ne bai san ni ba?"

Bai yi faɗa ba. Yana tsaye a gefe har aka rufe akwati. A hanyar gida ya ce zaɓe na gaba zai fara shafa man da wuri. Bai kai ba.

Allah da ya san shi ba da na'ura ba, ya kai haske kabarinsa. Ya kuma nuna mana ranar da ba za a sake ce wa wani tsoho ya koma gefe ba.