Ba a Sayar wa Baƙo Idon Saniya

Mun tashi da asuba daga Zariya, mu uku a tsohuwar Fijo ta sashenmu na jami'a: ni, da abokin aikina, da direba. A bayan motar akwai akwatunan ƙanƙara biyu, da kwalabe, da 'yan wuƙaƙen ɗakin gwaji. Minna muka nufa, kuma abin da ya kai mu, duk wanda na gaya wa sai ya sake kallona: idanun shanu arba'in, waɗanda ba su yi minti goma da yanka ba.

Bari in yi bayani, kada ku ma ku fara matsawa gefe. A can ƙuryar ido akwai wani tantani mai laushi da ke karɓar haske. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gani, akwai kuma wasu da nake kira 'yan hidima. Su 'yan hidima ba sa ganin komai. Aikinsu ciyar da masu gani da kwashe musu datti, kuma suna isar wa junansu saƙo ta wasu ƙananan ƙofofi da ke jikin bangonsu. Bangon nan da maiƙo aka gina shi, ni kuwa shekara biyu ke nan ina son in gane yadda irin maiƙon ke sa ƙofofin su buɗe ko su toshe. Matsalar ita ce maiƙon ba ya jira, ana yanka dabba yake fara lalacewa. Na zaga mahauta uku a kusa da mu, da na ambaci ido sai fuska ta canza. Ban ga laifinsu ba, don kowa ya san abin da ake zargin mai neman ido da shi. Shugaban sashenmu kuma ya ce in watan nan ya ƙare ban kawo sakamako ba, a rufe aikin.

Wuri ɗaya ya rage mini a duniya, shi ne mahautar Minna. Nan kuma gizo ke saƙa, domin ni ɗan mahauci ne, kuma babu wanda ya sani a wurin aikinmu. Idan aka tambayi sana'ar mahaifina, sai in ce ɗan kasuwa ne, in kawar da zancen. Abokin tafiyar tawa ɗan babban gida ne, mutumin kirki, amma na taɓa jin ya yi wa mahauta ba'a a wurin shan shayi, na kuma taya shi dariya. Rabona da Minna shekara tara, tun ranar da muka binne mahaifina.

Mun karya a Kaduna da shayi da burodi, burodin da bara ake saye sule biyar yanzu ya tasar wa naira. Daga nan muka miƙe kudu, ƙasa na ƙara kore, duwatsu na ƙara tsayi. A mararrabar Diko muka karya dama. A Lambata direba ya taka burki ba tare da shawara da kowa ba, wai haramun ne mutum ya wuce doya irin wannan. Matan Gwari na ta isowa da kaya a kafaɗa, kamar yadda na san su tun ina yaro. Wata dattijuwa ta ɗaga mini wata shirgegiyar doya ta ce, "Malam, wannan yana da kyau, matanka zai gode." Na saya don daɗin Hausar kawai, rabona da jin irinta ya yi nisa. Direba ya so ya ɗora tasa doyar a kan akwatin ƙanƙara, sai da muka kusa ɓatawa kafin ya haƙura.

Da azahar muka haye gadar Chanchaga. Garin ya buɗe tun da aka mai da shi babban birnin jiha. Tunga da na bari da gonaki a bayan gidaje yanzu shaguna ne da ofisoshi. Amma da jirgin ƙasa ya yi kuka daga tasha, sai na ji ni ɗan shekara takwas, ina gudu da kwanon kokon mahaifina kada ya huce. Mun sauka a masaukin baƙi, ni da aka binne cibiyata a garin, abin kunya. Bayan mun ci sakwara da miyar agushi na zame ni kaɗai zuwa unguwarmu. Mangwaron ƙofar gidanmu na nan, ya ƙara girma. Na tsaya daga nesa na dube shi, na juya ban yi sallama ba.

Washegari tun hantsi bai ɗaga ba muka isa mahauta. Ba abin da ya canza: ƙarnin jini da hayaƙin babbaka, angulaye a jere kan rufi, mata da robobi suna jiran kai da ƙafa. A kan bencin da na sani Baba ke zaune, shugaban mahautan, aminin mahaifina. Shi ya yanka ragon sunana, shi ya saya mini akwatin ƙarfe da zan tafi sakandare. Idanunsa a buɗe suke garau, amma da na durƙusa a gabansa sai na ga ba ni yake kallo ba. Daga baya na ji ciwon suga ne ya ci masa gani, sai inuwa-inuwa. Ban sani ba, don ban taɓa tambaya ba.

Na gaishe shi. Na tabbata ya gane muryar. Sai ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. Daga ina?"

Wannan "Malam" ta fi mari zafi. Na daure na ce daga Zariya, na shiga bayanin aikina, abokina na tsaye a bayana da takardar izini a hannu. Baba bai nemi takarda ba. Ya saurara har na kai ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko da gaske 'yan hidimar nan ba sa gani. Na ce ba sa gani. Ya ce amma in suka daina jin juna, mai ganin sai ya makance? Na ce haka muke zato. Ya gyaɗa kai, bai ƙara komai a kan wannan ba, ni ma ban so ya ƙara ba.

Sannan ya ce, "A nan ba ma sayar wa baƙo ido, ko nawa ya zo da shi. Haka muka gada. Ɗan gida kuwa ba ya saye, shiga yake ya cire da hannunsa. To kai wanne ne?"

Mahautan da ke kusa suka dakata da aiki. Ina jin numfashin abokina a ƙeyata. Zan iya cewa na gode in koma mota, aikin shekara biyu ya bi ruwa, asirina ya tsira. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne wata safiya a daidai wurin nan, da mahaifina ya tsaga idon wani bijimi, ya ciro ƙwallon nan mai kama da gilashi, ya ɗora a kan tsohuwar jaridar naɗe nama. Baƙaƙen suka kumbura a gabana. Shi bai iya karanta su ba, amma ya ce in duba ikon Allah. Daga wannan safiyar karatuna ya fara.

Na ce, "Baba, ni ne Tanko. Ɗan gida ne."

Ya laluba ƙarƙashin benci ya jawo wani ƙunshin fata. Wuƙar mahaifina ce, ƙotar ta yi baƙi da sheƙi, bakin kuwa a wase kamar jiya aka ajiye ta. Na tuɓe riga, na naɗe wando, na shiga. A ido na farko na yi ta lalube. A na uku hannun ya tuna abin da kaina ya manta: a zagaye fatar, a bi ƙashi da tsinin wuƙa, a yanke jijiya ta baya. Abokina ya zama ɗan karɓa, yana tsoma kowanne a ƙanƙara, farin takalminsa ya koma ja bai ko duba ba. Baba ya sa a miƙa masa ɗaya, ya shafa da yatsu ya ce, "Ka bar jijiyar da tsawo. Haka ubanka yake yi." Nan na juya baya, na fake da hayaƙi.

Kafin ƙarfe tara mun cika arba'in. Da zan yi sallama ya tambaye ni ko aikin nan zai dawo masa da ganinsa. Na gaya masa gaskiya, ba zai dawo da shi ba, sai dai wata rana ya hana na wani tafiya. Ya ce hakan ma ya isa. Na ce bayan Sallah zan zo in kai shi asibitin ido a Kaduna, ko a tsare ɗan abin da ya rage. Na kai hannu zan naɗe wuƙar in sa a jaka, sai ya riƙe ƙunshin.

"Wuƙa tana nan," in ji shi. "In kana son ganinta, ai yanzu ka san hanya."

A dawowa ba mu tsaya ba sai don ƙara ƙanƙara a Kaduna. Direba na ta mitar cewa doyarsa za ta yi ƙarni. Da muka wuce Tafa abokina ya ce shekara shida ya yi yana koyon fiɗa a ɗakin gwaji bai ga hannu irin wannan ba, ko zan koya masa. Bai tayar da zancen ba'ar nan ba, ni ma ban tayar ba, tunda tare muka yi dariyar.

Mun shigo Zariya da la'asar, idanu talatin da takwas suka iso lafiya. Tafiyar ta nuna mini cewa na yi shekara biyu ina leƙen 'yan hidima a madubin gwaji, alhali nawa na Minna ko wasiƙa ban taɓa aika musu ba. Ranar Litinin shugaban sashe ya buɗe akwatin, ya ɗaga ido ɗaya ya jujjuya, ya tambayi wane gwani ne ya cire su haka. Na ce ɗan mahauci ne, ranka ya daɗe, ga shi tsaye a gabanka.