Ranar da manhaja ta nemi tantance Inna

"Kai ja'iri, ka taɓa mini akwatin Malam, ko?" Da wannan tuhuma kakata Inna ta tare ni a tsakar gidanmu na Toranke, rimot a hannunta.

Akwatin nan tsohuwar kwamfutar kawuna ce, mai ɗauke da wata daɗaɗɗiyar manhaja da ke tura bidiyon gida zuwa talabijin. Ta nan Inna ke kallon marigayi kakanmu Malam kullum bayan la'asar, yana rabon gyaɗar iri yana faɗa.

Ni kuwa, da digirina na kimiyyar kwamfuta, na ɗauki zaman tsohon yayi a gidanmu tozarci ga ilimi. Sai na sabunta manhajar. Sabuwar ta zo da ƙawa da alfarma, amma ta ƙi buɗe komai sai da imel da intanet, a unguwar da sai ka fita bakin hanya kake samun sabis.

Na ce, "Inna, tsari ne na tantance mai amfani, domin tsaron bayanai."

Ta ce, "Shekara arba'in muna zaune da mutumin nan, yau ni za a tantance kafin in ga mijina? Mayar mini da wadda ba ta tambaya."

Kwana biyu ina bincike kafin na tono tsohuwar manhajar a filashin kawu, na mayar da ita. Da muryar Malam ta dawo, Inna ta gyara zama, ta dube shi ta ce, "Ka ga aikin jikanka mai digiri."

Masana, ku haskaka mini: ci gaban da ke shiga tsakanin tsohuwa da mijinta, wane suna ya cancanta?